Bazarar da Ta Ƙona Yaya Saratu

Bazarar bana ta zo wa Haɗeja da ƙarfinta. Hantsi bai gama ɗagawa ba katanga ta ɗauki zafi, in ka jingina sai ka zabura. Ruwan randa ya daina sanyi. Kaji sukan lafe a gindin katanga baki buɗe, ko tsaba ka watsa ba mai fitowa. Kowa maganarsa ɗaya, yaushe hadari zai haɗu. Ni kuwa ba jiran ruwa ne ya hana ni sukuni ba. Yarinyar da Allah ya ba ni ce ta yi ƙafa, ta iya fita tsakar gida da kanta, kuma zabiya ce.

'Yar fari ce. Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da hakan yake nufi. Ba na faɗin sunanta, ba na ɗaukarta a gaban manya, in ta faɗi ba ni ce zan ruga ba. Tun da aka yaye ta ta koma ɗakin Iya, mahaifiyar maigidana, can take kwana, can take ci. Kuma tsakani da Allah Iya tana son yarinyar nan. Ƙawata take ce mata, in ta tsinci ɗan nama a miya sai ta tauna ta ba ta. Sai dai Iya tana da nata ganin. Da safe takan yi mata wanka, ta mulke ta da basilin har tana ƙyalli, ta sa mata ɗan kamfai kaɗai, ta sake ta a tsakar gida.

"Fatar ɗanya ce," in ji Iya. "A bar ta ta sha rana ta nuna. Tukunya ma sai an gasa ta take riƙe ruwa."

Ni ina madafa ina tuƙa tuwo, idona yana kan kafaɗun yarinyar, ina kallo suna sauya launi. Na yi wa maigidan magana a ɗaki. Ya sosa ƙeya ya ce, "To ni in je in ce wa Iya me? Ita ta raine mu duka, ba wanda ya lalace." Na ce ai a cikinku ba zabiya. Ya ce zai duba lokacin da ya dace. Lokacin bai zo ba.

Abin da ya sa na damu haka, na taɓa ganin abin da rana take yi wa irin wannan fata. A jikin yayata na gani, Yaya Saratu, wata bazara ina ƙarama, lokacin muna ƙauyenmu a bakin fadama ta wajen Guri.

Ita ma zabiya ce, ita ma 'yar fari ce a wurin Innarmu. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta riƙe ta. Kaka mutuniyar bakin Tafkin Cadi ce, har ta rasu Hausarta da gargada take, amma in ta yi magana a gidanmu an gama. Ita ta zaunar da Yaya a rumfa ta koya mata saƙar tabarma, kuma duk wanda ya ce a aiki Saratu da rana tsaka, Kaka za ta dube shi ta ce, "Aiki ƙafarka." Haka Yaya ta tashi a inuwa. 'Yan matan ƙauyen in za su wuce ɗibar ruwa sukan leƙo su ce, "Baturiyar Kaka, a gaishe ki da hutu." Takan yi dariya, amma ina ganin yadda take bin bayansu da kallo har su sha kwana.

Daminar shekarar ruwa ya yi mana yawa. Kacalla, doguwar ciyawar nan da take toshe hanyar kogi, ta tare ruwan, ya rasa inda zai bi sai gonakinmu. Gero ya ruɓe a tsaye. Abin da Baba ya iya shigarwa rumbu bai kai mu ƙarshen sanyi ba. A cikin wannan daminar kuma Kaka ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Sai Yaya ta zama ba ta da mai tsaya mata, don Inna ko sunanta ba ta faɗa, sai dai "ke" ko "waccan".

Muka koma cin bado. Inna takan shiga ruwa ta ciro kawunan, a shanya, a sussuke 'ya'yan, a daka a yi tuwo. Tuwon yana da ɗan warin laka, kuma ba ya daɗewa a ciki. Kifin da Baba ya kamo ba namu ba ne, kasuwa ake kaiwa a dawo da 'yar tsaba a bakin buhu. Miya kullum kuka ce da gishiri da barkono. Akwai man gyaɗa a wata 'yar kwalba da Inna take ɓoyewa a bayan kwanukanta, in za ta sa a miya sai ta ɗiga kamar mai sa maganin ido.

Baba ya haɗa kai da maƙwabta suka samo injin ban ruwa, ya yi noman rani, ya dasa shinkafa a fadama. A kanta gidanmu gaba ɗaya ya dogara. Ta yi kyau kuwa. Ta yi kore shar, ta yi ciki, ta fitar da kai daidai shigowar bazara. Sai jan baki suka iso.

Wanda bai ga jan baki ba ba zai gane ba. Tsuntsu ne ɗan ƙarami, ko tafin hannu bai cika ba, amma in sun taso daga cikin kacalla sai ka ce hayaƙin gobara ne. Suna da wata ƙara kamar iska ta shiga busasshen kara. Lokacin da ƙwayar shinkafa take da ruwa fari a ciki suke so, su tsotse su bar maka ƙaiƙayi a tsaye. Duk gidan da yake da yaro, fadama yake tura shi kora.

Wata magariba muna cin tuwo Baba ya ce, "Gonar nan gefe biyu gare ta. Ni ina kan inji da bin ruwa. Kulu ba za ta iya ita kaɗai ba." Kulu ni ce.

Yaya ta ajiye lomarta ta ce, "Baba, ni zan je."

Baba ya juya. Ya dubi Inna. Inna tana gyara itace a murhu, ba ta ɗago ba.

"Me kika gani?" ya ce mata.

"Ni ina ruwana," in ji Inna. "'Yarka ce."

Na ga hannunta ya tsaya a kan itacen, wuta tana lasar gefen yatsanta ba ta janye ba. Amma ba ta ƙara ko kalma ba. Baba ya ce, "Mutane ma suna cewa zaman inuwar ne ya sa fatar ta ƙi ƙwari. In ta sha rana za ta saba." Maganar ta tsaya a haka.

Da asuba Yaya ta riga ni tashi. Ta ɗaura zane, ta sa 'yar rigarta mai guntun hannu, tana ta zirga-zirga a tsakar gida kamar ranar Sallah. Sai Inna ta leƙo daga ɗaki fuska a ɗaure ta ce, "Ke, zo nan. Za ki fita cikin mutane jiki furu-furu kamar wadda ba ta da kowa a gari." Ta ja ta ciki ta saki labule. Ni da son gani na leƙa. Kwalbar man gyaɗan nan ce a hannun Inna. Ta zuba a tafinta ba ɗigo ba, ta shafe mata wuya, da kafaɗu, da hannuwa, da fuska, a hankali, tana yi tana mita don kada a ce wani abu. A tunanin Inna, man da yake hana fata tsagewa da sanyi shi zai tare mata zafi. Daga ranar miyarmu ba ta sake ganin mai ba, kuma ba wanda ya tambaya.

Baba ma ya yi nasa. Ya cire malafarsa ya kifa mata. Ya kafa mata ɗan gado na itace a gefen da ruwa ya fi yawa, ya ce, "Ke ki zauna nan. Nan akwai sanyin ruwa. Kulu ta je can tudu, ita fatarta ta kada ce." Ni aka kai busasshen gefe, ita aka ba ta wuri mai daɗi.

Ga yadda wuninmu yake. Mu sha ɗan kunu, mu bi gaɓa tun gari bai gama wayewa ba. Da isa mu cura laka ƙanana mu jera su bushe, na majajjawa. Rana na leƙowa tsuntsayen za su taso, fadama ta ɗauki ihun yara da ƙarar gwangwani, wannan gona ta kora su faɗa waccan, waccan ta koro su dawo. Haka har hantsi ya yi zafi. Da rana tsaka su ma sukan gaji su koma cikin kacalla. Lokacin ne yara suke faɗawa ruwa, wasu su gasa ɗan kifi. Iska takan tsaya cak. Laka ta yi wari, sama ta yi fari fat, ruwan gona ya riƙa walƙiya har ba ka iya kallonsa. Yaya tana kan gadonta, ƙafafu a ruwa, ta runtse idanunta masu rawa, tana murmushi. Da la'asar tsuntsayen su dawo da yunwar da ta fi ta safe, sai magariba mu kamo hanya, murya a dishe.

Ranar farko a hanyar gida na ce, "Yaya, kin yi ja kamar tattasai."

"Ke kin yi baƙi kamar gindin tukunya, wa ya yi miki magana?"

"Da zafi?"

"Zafin me? Kin ji yadda na kore su ta gefen giginya? Har Ladi mai tsokanata ta ce ashe Baturiya tana da murya."

Abin da ya ɗaure mini kai, inda malafa ta rufe ma ya yi ja. Ƙarƙashin haɓarta, da bakin hancinta, da cikin damtsenta, duk wuraren da rana ba ta kai wa daga sama. Sai daga baya na gane. Mu da muke zaune a bakin ruwa mun saba cewa ruwa sanyi ne. Ashe a fadama rana biyu ce, ɗaya a sama, ɗaya a cikin ruwa tana dukan mutum daga ƙasa, kuma malafa ba ta san da ita ba.

Na gaya wa Inna cewa Yaya ta yi ja. Washegari Inna ta ƙara yawan man.

Yaya ta daina wanka tare da ni. Ta fara yafa ɗankwali a kafaɗa in mun dawo, tana cin tuwo a can gefe inda hasken murhu bai kai ba. Leɓenta ya tsage, in ta sha kunu sai ta ja iska ta haƙori. Baba ya tambaye ta ko lafiya, ta ce ƙalau, sabo ne yake shigarta. Ta san in aka gani za a mayar da ita rumfa.

Ranar da abin ya fito fili, da la'asar ne. Ina gefena ina wurga majajjawa sai na lura gwangwanin Yaya ya yi shiru. Na waiga. Jan baki sun sauka a gefenta baƙi ƙirin, shinkafa tana lanƙwasawa saboda nauyinsu, ba mai kora. Baba ya hango daga wurin inji, ya taho yana faɗa, yana faɗawa laka yana tashi. "Saratu, barci kike yi? Abincinmu ne fa suke ci." Da ya iso gadon sai faɗan ya yanke.

Tana zaune ta sunkuya, malafa ta faɗa ruwa, jikinta yana kyarma kamar mai jin sanyi a cikin wannan zafin. Kafaɗunta da wuyanta da hannuwanta sun yi bororo manya-manya, wasu sun fashe, rigar ta manne a kansu. Ta ce, "Baba, ina jin su, hannun ne ya ƙi ɗaguwa."

Baba ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ya rasa inda zai riƙe. Ya taɓa nan ta yi ƙara, ya taɓa can ta yi ƙara. Ya tsaya da hannuwansa a buɗe, babban mutum, yana juya su. A ƙarshe ya durƙusa a cikin ruwan ya ce ta hau bayansa da kanta, ta riƙe yadda za ta iya. Haka ya kai ta gida. Tsuntsayen ya bar musu gefen nan, bai ko waiga ba.

Inna ta shimfiɗa tabarma a ɗaki. Ta riƙa jiƙa rigar da ruwan randa kaɗan-kaɗan har ta saki fatar. Mata maƙwabta suka cika ƙofa, kowa da maganinta, wata ta ce a sa toka, wata ta ce ƙwai. Inna ba ta sa komai ba sai ruwan sanyi da tsumma mai tsabta, kuma ba ta yi hawaye a gabansu ba. Da aka cire rigar kowa ya ga abin da ya faru a rubuce a jikin. Inda zane mai kauri ya rufe, fatar tana nan fara sol yadda Kaka ta bar ta. Inda 'yar rigar shara-shara ta rufe, ya yi ja. Inda aka shafa mai aka bar shi a buɗe, nan ne ya saluɓe.

Da matan suka watse, Baba yana tsaye a bakin ƙofa, Inna ta ɗauko kwalbar man ta dube ta. Saura kaɗan a gindi. Ta ce, "Da hannuna na soya ta kamar kifi." Sai ta juyo ta dubi Baba ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, ta ce, "Saratu ba za ta koma kan ruwan nan ba. Ko za mu ci laka."

Ranar na fara jin sunan Yaya a bakin Inna. Yaya da take kwance rub da ciki ta ɗago kai, ta dube ta, ta mayar.

Ta yi kwanaki da zazzaɓi. Wani mai ba da magani da yake zuwa ranar kasuwa ya duba ta, ya ba da na sha da na wanke ciwon, ya ce ta riƙa shan ruwa da yawa, kada a fasa sauran bororon. Fatar ta riƙa ɗayewa kamar ɓawon albasa. Ni da Baba muka riƙa raba gonar, yana kashe inji ya zo ya taya ni, shinkafa tana ƙishi a can, tsuntsu yana ci a nan. Baba ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Abin da ya sa Yaya kuka ba ciwon ba ne. Ranar da ta fara iya zama, ta ji 'yan mata suna wucewa fadama da gwangwanayensu, sai ta kifa kai a gwiwa. Baba ya shigo ya tarar.

"Ciwon ne?"

"A'a."

"To mene ne?"

"Kowa yana ci da guminsa, ni ina ci da na Kulu. Gara in ƙone."

Baba ya matso kusa da ita. Ya ce, "Da kika ce kina jin su, da gaske kina ji kafin su sauka?"

"Tun suna cikin kacalla. Idona ne ba ya kai wa, amma kunnena yana kai wa."

Washegari bai tayar da inji ba. Ya yanko kacallar nan da ta jawo mana duk wannan wahala, ya kafa 'yar bukka a kan tudu, nesa da ruwa, ya yi mata jinka mai kauri har ƙasa, ƙofarta tana kallon arewa. Ya kakkafa sanduna a cikin gonar, ya ja igiyoyi daga bukkar zuwa kowane lungu, ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Duk bakin igiyoyin suka taru a wuri ɗaya cikin inuwa. Inna kuma ta buɗe akwatin Kaka ta ciro wani tsohon zane baƙi rinin shuni, mai kauri, ta ɗinka riga da hannunta, mai hannu har yatsu, mai wuya har haɓa. Ɗinkin ya karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Yaya ta sa, na yi dariya har na faɗi.

"Yi dariyarki," in ji ta. "Ke wa ya taɓa yi miki ɗinki?"

Da ta warke ta koma fadama. Mukan fita tun rana ba ta fito ba, ba ta barin bukkar sai inuwa ta yi tsawo. Tana zaune a ciki ido a rufe, igiyoyi a yatsunta kamar mai saƙa. Kafin ni da nake waje in hango komai, sai in ji gwangwanayen gefen gabas sun ɗauki ƙara, can sai ga tsuntsayen sun taho sun tarar da hayaniya sun karkata. Da rana tsaka yaran da suke tsokanarta suka riƙa zuwa roƙon inuwa. Takan ce, "Bukkar Baturiya ce, sai da sallama."

Ba mu sami shinkafar da Baba ya sa rai ba. Gefen da aka ci an ci. Amma abin da ya saura ya riƙe mu har sabon gero. Muna cikin bugu hadarin farko ya taso daga gabas, iska ta kawo ƙamshin ƙasa, muka kwashe a guje muna rufewa da tabarmi. Da ruwan ya sauko Yaya ta fito tsakiyar fili ta cire ɗankwali ta ɗaga fuska sama. Ita kaɗai ce ranar da na ga ta tsaya a fili da rana ba wanda ya ce ta koma.

Yanzu abubuwa sun sauya. A fadamarmu injin hasken rana ne yake jan ruwa, ranar da ta ƙona Yaya ita take ba shinkafa ruwa. A asibiti, lokacin da nake kai yarinyar awo, wata ma'aikaciya ta zaunar da ni ta ce tufafi masu kauri masu dogon hannu, hula mai faɗin baki, inuwa daga hantsi zuwa la'asar, kuma akwai man da aka yi musamman don tare rana, ba irin na shafawarmu ba, in an samu a riƙa sa mata a fuska da bayan hannu. Ta ce wannan fata ba ta sabawa, duk ƙunar da ta yi tana nan a ajiye. Inna ba ta sami mai gaya mata haka ba. Ni na samu. Amma ga ni a madafa da muciya a hannu, na yi shiru irin nata.

Makon jiya Yaya ta zo Haɗeja. Tana aure a Guri, 'ya'yanta uku duk baƙaƙe kamar ubansu, tana saƙar tabarma har yanzu. Asibiti ta zo a duba mata wuya, don bara an yanke mata wani ƙurji da ya ƙi warkewa, daidai inda ya fi ƙonewa a waccan shekarar. Da ta gama ta biyo ta gidanmu ta jira rana ta yi sanyi. Ta shigo a lulluɓe, da safar hannu da lema. Ta durƙusa ta gaida Iya, wadda take zaune a rumfa da maƙwabciyarmu Talatu suna tsinkar zogale. Yarinyar tana tsakiyar gida tana bin ɗan tsako, jikinta yana ƙyalli. Yaya ta dube ta, ta shigo ɗakina.

Na kawo mata ruwa. Ta sha, ta cire hijabi. Na daɗe ban ga wuyan ba. Tabo ne baƙi-baƙi kamar an yayyafa, ga kuma wurin ɗinkin.

"Kulu, tun yaushe take fita haka?"

"Tun shigowar zafi. Yaya, ki yi wa Iya magana. Ke baƙuwa ce, za ta ji nauyinki."

"Za ta ji nauyina yau. La'asar zan hau mota. Gobe da hantsi wa zai tsaya?" Ta mayar da kofin. "Ban riƙe Inna da komai ba, Allah ya sani. Miyarta ta hana kanta ta shafa mini. Amma maganar da ta yi bayan na ƙone, da ta yi ta a bakin murhu ranar da Baba ya tambaye ta, da ba a yanka ni ba."

Ta labule ina hango kafaɗun yarinyar, sun wuce ja sun fara sheƙi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa tsakar gida, ƙasa tana ƙona mini tafin ƙafa, na ce, "Hafsatu, zo." Na ɗauke ta na rungume, jikinta kamar an sauke daga wuta.

Talatu ta saki zogalen hannunta. "Ikon Allah. 'Yar fari a kafaɗa, a gaban uwar miji, har da suna. Zamani ya zo."

Na je gaban Iya na durƙusa da yarinyar a jikina. Na ce, "Iya, ki gafarce ni, na san ban kyauta ba. Amma fatar nan ba ta nuna. Ƙonewa take yi. Man nan ma ba ya tare mata komai. Na gani a gidanmu."

Iya ba ta dube ni ba. Ta miƙa hannu ta karɓi jikarta, ta ɗora ta a cinya, ta sa yatsa ta danna kafaɗar. Wurin ya yi fari, yarinyar ta tsandara kuka ta maƙale kafaɗa. Iya ta janye yatsan da sauri.

"Kira mini yayar taki," ta ce.

Yaya ta fito ta shiga rumfar. Ba a tambaye ta ba, ta sunkuyar da kai ta janye mayafin. Iya ta matso da fuskarta, ta bi ɗinkin da ido daga farko har ƙarshe. Ta ce, "Rana ce ta yi wannan?"

"Ita ce, Iya. Ina yarinya."

Iya ta warware gefen zanenta ta lulluɓe jikarta har kai. Talatu ta fara cewa ai dai duk da haka kunya ado ce, Iya ta katse ta. "Talatu, in ta kwanta, kunyar ce za ta zo jinya?" Sannan ta juyo kaina. "Ke kuma tashi, tuwonki yana ƙauri. Ki kawo mini duk abin da suka ce a asibitin, in ji da kunnena. Amma sunan nan, kada in sake jin sa a bakinki. Ba a gidana ba."

Na ce to.

Ruwa bai sauka ba har yanzu, kuma hankalina bai gama kwanciya ba, don yarinya ce mai ƙiriniya, ƙofa a buɗe ba ta ganinta ta ƙyale. Iya ta kai wa tela turmin atamfar da take ajiya a ɗinka wa yarinyar riga, ta ce hannu ya wuce yatsu. Daga hantsi take shigar da ita ɗaki ta saki asabari. Jiya da azahar ina wanke-wanke na ji muryar Iya a ciki tana jan tatsuniya, yarinyar tana ƙyalƙyala dariya. Talatu ta leƙo ta kan katanga.

"Iya, tatsuniya da tsakar rana? Ba ke kike ce mana mai yin haka ɓata yake yi ba?"

Daga cikin ɗakin Iya ta ce, "In ɓatan ne, mu ɓata a inuwa."